Kilishi a leda, wutar sola da tambarin kaya: me doka ta ce?

Mai Kilishi, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar lauyoyi da sauran masana da ke wannan zaure a kan al'amura uku da suka taru mini a lokaci guda. Kilishi sana'armu ce ta gado, kuma har kwanan nan a takarda muke naɗe shi mu miƙa wa mai saye hannu da hannu. Yanzu masu manyan kantuna a Abuja da Legas sun fara nema, sai dai bakinsu ɗaya ne: ba za su ɗora shi a kanta ba sai yana cikin leda a liƙe, da sunan kaya, da lambar NAFDAC. Wannan ya sa na kama wani gida a gefen gari domin in mayar da shi wurin sarrafawa, in sa firjin ajiye nama da na'urar busarwa da injin liƙe leda.

Al'amari na farko shi ne wuta. Ta layinmu ba abar dogaro ba ce, man janareta kuma zai cinye ribar gaba ɗaya, don haka na yanke shawarar kafa sola mai ƙarfin kilowat 30. Da rana za ta fi ƙarfin buƙatata, kuma maƙwabtana masu shaguna, tela da mai aski da mai sayar da ƙanƙara, sun roƙe ni in ja musu waya su riƙa biyana duk wata. Wani ya ce mini yin haka laifi ne sai da lasisi daga Abuja, wani kuma ya ce doka ta canja, yanzu maganar wuta a hannun jihohi take. Wanne ne daidai?

Na biyu, ina so in san abin da NAFDAC take nema a wajen mai kilishi, da kuma ko lambarta za ta ba ni damar aika kaya ƙasashen waje, domin 'yan'uwa da ke Ingila da Amurka kullum suna tambaya.

Na uku, na yi wa kasuwancin rajista a CAC, na kuma biya wani matashi mai zane a kwamfuta ya tsara mini tambari da launin leda. Ban daɗe da fara gwada ledar a kasuwa ba sai ga wani ya fito da tasa mai launi irin nawa sak, da suna mai kama da nawa. Shin takardar CAC ta isa in hana shi? Allah ya saka da alheri.

Barista, Kaduna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, mutanen biyu da suka yi maka bayani a kan wuta kowannensu ya riƙo wani gefe na gaskiya, kuma za a fi gane inda kowa ya tsaya idan aka bi yadda dokar ta sauya. Daga 2005 zuwa 2023 dokar gyaran harkar lantarki ce take aiki. Ita ce ta kafa NERC, hukumar tarayya mai kula da harkar lantarki, kuma a ƙarƙashinta aka wargaza NEPA, har aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013. A duk tsawon wannan lokaci kundin tsarin mulki ya ba majalisar jiha ikon yin doka a kan lantarki ne kawai a yankunan da babban layin ƙasa bai kai ba, wanda a aikace ya ɗaure hannun jihohi a duk wani gari mai yawan jama'a. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran kundin da ya cire wannan sharaɗi, sannan a watan Yuni na shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Lantarki ta 2023, wadda ta soke ta 2005.

Inda mutane da yawa suke yin tuntuɓe shi ne zaton cewa ikon ya koma jihohi kai tsaye daga ranar da aka sa hannu. Ba haka ba ne. Sashe na 230 na sabuwar dokar ya ce sai jiha ta yi tata dokar lantarkin, ta kafa tata hukumar, ta sanar da NERC a rubuce, sannan NERC ta miƙa mata kula da kasuwar cikin jihar, kamfanin rarraba wutar yankin kuma ya kafa reshe na musamman da zai karɓi lasisi daga jihar. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara samun wannan umarni a watan Afrilu na 2024, daga baya Legas da Oyo da Edo da wasu suka biyo, a Arewa kuma akwai Kogi da Neja da Filato. Jihar da ba ta kammala wannan mataki ba, har yanzu NERC ce mai iko a cikinta. Saboda haka aikinka na farko shi ne ka tantance wace hukuma ce take riƙe da jiharka a ranar da za ka fara, domin ita za ka nufa da takardunka.

Game da lasisi, dokar ta yi wa irinka sauƙi. Mai samar da wutar da ba ta wuce megawat 1 ba a wuri guda, ko mai rarraba wadda ba ta wuce kilowat 100 ba, ba ya buƙatar lasisi. Kilowat 30 ɗinka ba ta kusanci ko ɗaya daga cikin iyakokin biyu ba, kuma muddin firjinka da injinanka kaɗai take ɗauka a cikin harabarka, babu wanda zai tambaye ka wata takarda a kan samar da ita. Amma rashin buƙatar lasisi bai fitar da kai daga ƙa'idojin hukuma ba, kuma da zarar waya ta tsallake katangarka ta shiga shagon wani ana biyanka, maganar ta zama ta sayar da wuta ga jama'a. NERC tana da ƙa'idojin ƙananan tashoshi da ta fitar a 2016 ta sabunta a 2023, kuma sun bambanta wurin da kamfanin rarraba wuta bai taɓa kaiwa ba da wurin da yake da falwaya da taransfoma amma wutar ba ta wadata. A na farko, ƙaramar tasha tana iya yin rajista ta kama aiki. A na biyu, wanda ga alama shi ne naka tunda ka ce akwai layi, ana neman yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku: mai tashar, da al'ummar da za su sha wutar, da kamfanin yankin, wanda a Kano da Katsina da Jigawa shi ne KEDCO. Kada ka rataya wayarka a falwayar kamfani ba da izininsa ba, kada kuma a haɗa solarka da layinsa ta yadda wutarka za ta koma kan layin lokacin da aka ɗauke, domin ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layin a mace yake zai iya rasa ransa. Hukumar NEMSA ce ke duba ingancin haɗin waya da mita, kuma takardarta ita za ta tsaya maka idan, Allah ya kiyaye, gobara ta tashi.

Shawarata ita ce ka daina tunanin karɓar kuɗi a ƙiyasce duk wata. Ka sa wa kowane shago mita, a rubuta farashin yunit a takarda kowa ya sa hannu, domin firjin mai ƙanƙara kaɗai zai sha abin da ya ninka na tela da mai aski a haɗe, kuma ranar da hadari ya rufe rana batir ya gaza, daga nan rigima za ta fara. Ka kuma riƙa lura da farashin hukuma. A watan Afrilu na 2024 NERC ta ɗaga kuɗin rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, daga baya aka sauko da shi kaɗan. A 2025 hukumar Enugu ta ba da umarnin a mayar da nasu naira 160, sai NERC da kamfanonin samar da wuta suka ce jiha ba ta da hurumin karya farashin wutar da take ɗebowa daga babban layin ƙasa sai in za ta biya giɓin daga aljihunta. A ganina wannan taƙaddama ita ce za ta fi cin lokacin lauyoyi a shekaru masu zuwa, amma ba ta taɓa mai wutar da aka samar aka kuma shanye a unguwa ɗaya ba, kuma wannan yana daga cikin dalilan da nake ganin hanyar da ka ɗauka mai kyau ce. Wanda ya ga yadda Arewa ta kwana cikin duhu na kwanaki a watan Oktoba na 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ba zai ajiye nama a firji yana jiran babban layi ba. Maganar abinci na bar wa masu ita, zan dawo kan suna.

Hajiya, tsohuwar jami'ar tsaftar abinci, Zariya

Alhaji, Allah ya sanya albarka a sana'a. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne ba hukuma ɗaya ce take da hannu a kilishinka ba, kuma har yanzu ƙasar nan ba ta da doka guda da ta tattara harkar ingancin abinci wuri ɗaya, duk da cewa ƙudurin yin hakan ya sha zuwa gaban Majalisar Tarayya. Kundin tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kula da kwata da kasuwanni da wuraren sayar da abinci, shi ya sa duba-gari yake da ikon shiga wurinka, likitan dabbobi na jiha kuma shi ke duba saniya kafin yanka da bayansa. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana shigowa ne daga lokacin da ka sarrafa abinci ka liƙe shi a leda da niyyar ya yi tafiya ya jima a kanta. Mai kilishin da ke yanka wa mai saye a bakin titi ba ta nemansa da lamba, amma kai ka fita daga wannan sahu.

Ana cike takardun neman rajista ta intanet, sannan jami'ai su zo su ga wurin da idonsu, su ɗauki samfur zuwa ɗakin gwaji, su duba rubutun jikin leda kafin su ba da lamba, wadda ake sabuntawa bayan shekara 5. Za su nemi takardar CAC, da shaidar gwajin lafiyar ma'aikata, da shaidar feshin wurin, da kuma shaidar cewa sunan kayan naka ne daga ofishin rajistar alamar kasuwanci. Ka riƙe wannan ta ƙarshen, domin ita ce ta haɗa tambayarka ta biyu da ta uku. A wurin kuwa abin da suke kallo shi ne yadda aiki yake tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa: inda ɗanyen nama yake shigowa kada ya zama nan gasasshe yake fita, teburin fiɗa daban, wurin haɗa labu daban, ɗakin liƙe leda kuma a rufe da raga a tagogi, da wurin wanke hannu a bakin ƙofa. Shanya a kan gadon kara a fili, inda ƙura da ƙuda suke sauka, ita ce za ta fi ba ka wahalar wucewa, don haka na'urar busarwar da ka ambata ita ce kuɗin da ka fi kashewa a inda ya dace.

Hatsarin da masu kilishi suka fi mantawa da shi ba a nama yake ba, a tunkuza yake. Gyaɗar da aka tara da sauran danshi tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da guba mai suna aflatoksin wadda take lalata hanta a hankali, kuma wutar gashi ba ta kashe ta. Idan ka fasa ƙwayar gyaɗa ka ga cikinta ya yi baƙi ko kore-kore, ko ta yamushe tana ɗaci a baki, to irinta ce, kuma sau da yawa ita ake ware wa masu matsar mai saboda arha, tunkuzarta kuma ta ƙare a labu. Tarayyar Turai ba ta yarda wannan guba ta wuce maikurogiram 4 a kowane kilo na gyaɗar ci ba. Ka samu mai kawo maka gyaɗa ɗaya da ka sani, a tsince ta a gabanka, a matse a wurinka in da hali. Haka barkono da citta, su ma suna kamawa idan aka adana su a ƙasa mai laima.

Hatsari na biyu shi ne fiya-fiya. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda an samu sinadarin dikulobos a cikinsa fiye da miligiram 0.01 a kilo da dokarsu ta yarda, a wasu samfuran ma ya ninka haka sau ɗaruruwa, kuma an yi ta tsawaita haramcin shekara da shekaru. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper, maganin ƙwari mai ɗauke da wannan sinadari, a kasuwanni da kantuna. Duk da haka har gobe akwai masu yayyafa shi kusa da shanya domin korar ƙuda. Ka hana shi shiga harabarka kwata-kwata, domin idan ɗakin gwaji ya same shi a samfur ɗaya, maganar lamba ta ƙare.

Ƙa'idojin rubutun jikin leda na 2022 sun wajabta sunan abincin, da jerin kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, da nauyi, da adireshin mai sarrafawa, da lambar rukunin da aka yi tare, da ranar yi da ranar ƙarewa, da yadda za a adana. Dole rubutun ya kasance da Turanci, kana kuma iya ƙara Hausa. Lallai ne ka bayyana cewa akwai gyaɗa a ciki, saboda akwai mutanen da ɗan kaɗan daga cikinta yake toshe musu numfashi, kuma idan kana sa jan kala a labu sai ya zama cikin waɗanda aka amince a sa a abinci.

Maganar Ingila da Amurka kuwa ka ajiye ta gefe. Lambar NAFDAC izinin sayarwa ce a cikin Najeriya, kuma waɗannan ƙasashe ba sa karɓar nama daga ƙasar da ba ta cikin jerin waɗanda suka amince da tsarin kula da lafiyar dabbobinsu, musamman saboda ciwon baki da kofato. Shi ya sa ake ƙwace kilishi a jakar matafiya a filayen jirginsu, komai kyan ledarsa. Abin da kake iya fitarwa shi ne yaji wanda babu nama a cikinsa, bayan rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, da samun takardun da ƙasar da za a kai take nema.

Ɗan Maraɗi

Salamu alaikum, Alhaji da sauran 'yan zaure. Ina so in ƙara wani abu daga wannan gefen iyaka, domin mu a Nijar maganar sunan kilishi ta riga ta kai gaban hukuma. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar kare mallakar fasaha mai hedikwata a Yawunde, wadda ƙasashe 17 suka haɗu a cikinta bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma rajista ɗaya a can tana aiki a dukkan ƙasashen, har da Chadi da Kamaru da Benin. A ƙarƙashinta akwai kariya ta musamman ga kayan da sunansu da ingancinsu suke ɗaure da wurin da aka yi su. Barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da kofin Ziama-Masenta na Gini, su ne suka fara samu a 2013, kuma a shekarun baya-bayan nan kilishin Nijar da albasar Galmi ta jahar Tawa suka shiga wannan rajista.

Ba haka kawai aka farka ba. Wani kamfanin iri da ke Senegal ya taɓa neman OAPI ta ba shi mallakar irin albasa da sunan Galmi, sunan da manoman yankin suka yi shekaru suna ginawa har ya zama abin nema a kasuwannin Abijan da Akara. Manoma da gwamnati suka tashi tsaye, kamfanin ya janye daga sunan ya sa wa irinsa wani. Darasin da aka ɗauka shi ne sunan da ba a rubuta a rajista ba, wanda ya riga ka zuwa ofis yana iya nemansa. Sai dai irin wannan kariya ba ta mutum ɗaya ba ce, ta ƙungiyar masu sana'a ce, kuma tana tafe da takardar ƙa'idoji da ta faɗi irin naman da yadda ake fiɗa da shanya da gashi, wanda duk ya saɓa ba shi da damar amfani da sunan. Tambayata ga Barista ita ce: me zai hana masu kilishin unguwar Agadasawa ta Kano su nemi irin wannan a Najeriya, maimakon kowa ya riƙa fama shi kaɗai da mai kwaikwayon ledarsa?

Barista, Kaduna

Malam na Maraɗi, abin da zai hana shi ne Najeriya ba ta cikin OAPI, ba ta kuma da doka ta musamman a kan sunayen da ke ɗaure da wuri, duk da cewa ƙasashen Afirka sun amince da yarjejeniyar mallakar fasaha ta kasuwar bai ɗaya a Adis Ababa a watan Fabrairu na 2023. Abin da ya fi kusa a dokarmu shi ne alamar shaidar inganci, wadda ƙungiya take iya yi wa rajista ta ba mambobin da suka cika sharuɗɗanta. Shawara ce mai kyau ga ƙungiyar mahauta, amma ba za ta warware wa Alhaji matsalarsa ta yau ba, domin wanda ya kwaikwayi ledarsa wataƙila shi ma ɗan unguwar ne.

Alhaji, takardar CAC ba ta isa ba. Ita shaida ce cewa akwai kasuwanci mai wannan suna, ba ta ba ka mallakar sunan a jikin kaya ba, kuma mai dogaro da ita kaɗai kamar mai gini ne a filin da bai karɓi takardarsa ba. Mallakar tana samuwa ne a ofishin rajistar alamar kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari a Abuja, bisa dokar 1965. Ana fara bincike a ga ko wani ya riga ka, a shigar da nema, a ba ka takardar karɓa, a buga alamar a mujallar ofishin, a jira wata 2 ko wani zai yi jayayya, sannan a ba da satifiket na shekara 7, wanda ake sabuntawa duk shekara 14. Rajistar tana bin aji ne, nama yana aji na 29, yaji kuma yana na 30, don haka in za ka sayar da duka biyun sai ka nemi biyun. Kalmar kilishi ita kaɗai ba za a ba ka ita ba, haka sunan gari, domin na kowa ne. Sai sunan da ya bambanta kayanka da na wasu.

A kan launi akwai shari'ar da ya kamata ka sani. Kamfanin Ferodo mai yin birkin mota ya kai Ibeto ƙara saboda kwalinsu ya yi kama da nasa a launi da zane, amma a 2004 Kotun Ƙoli ta yanke cewa abin da Ferodo ya mallaka shi ne sunan, sauran kuwa ado ne da bai zama alamarsa shi kaɗai ba, ya kuma faɗi a shari'ar. Dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a watan Fabrairu na 2023 ta faɗaɗa ma'anar alama har ta haɗa da siffar kaya da mazubinsa da haɗin launuka, saboda haka yanzu ka shigar da sunan daban, ka kuma shigar da hoton ledar gaba ɗaya da launukanta. Kafin satifiket ya fito, abin da kake da shi a kan mai kwaikwayon shi ne ƙarar cewa yana sayar da kayansa a matsayin naka, wadda sai ka tabbatar mutane sun san ledar da kai kuma suna ruɗewa, abu mai wuya ga wanda bai daɗe a kasuwa ba. Ka adana rasiɗin buga leda na farko da hotuna masu kwanan wata, domin idan shi ya riga ka shigar da nema, da su za ka yi jayayya a cikin watanni biyun nan.

Sauran abu ɗaya da ba ka tambaya ba. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, zane na wanda ya zana shi ne tun farko, kuma miƙa haƙƙin ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Biyan kuɗin aiki da baki bai mayar da tambarin naka ba. Ka nemi matashin nan ya sa hannu a takardar miƙa maka haƙƙin, ka kuma tambaye shi ko ya sayar wa wani irin zanen, domin ba mamaki daga kwamfuta ɗaya ledojin biyu suka fito. Haɗin labunku na gado kuwa babu ofishin da zai yi masa rajista, tunda ba sabuwar ƙirƙira ba ce. Kariyarsa ita ce ku riƙe shi sirri, ma'aikatan da suka san ma'aunin kuma su sa hannu a alƙawarin rashin fitar da shi.

Mai Kilishi, Kano

Na gode ƙwarai, Barista da Hajiya da Malam na Maraɗi, Allah ya ƙara ilimi. Tambaya ɗaya ta rage mini. Mai buga leda yana matsa mini in ba da aiki mai yawa yanzu saboda ya ce farashi zai tashi, kuma ya ce zai bar gurbin lambar NAFDAC a buga ta daga baya da hatimi. In ba shi, ko in dakata?

Hajiya, tsohuwar jami'ar tsaftar abinci, Zariya

Ka dakata, Alhaji. Jami'an NAFDAC sukan mayar da rubutun leda a gyara, wani lokaci saboda kalma ɗaya, kamar a rubuta cewa kilishin yana ƙara ƙarfi ko yana maganin wani ciwo, wanda ba a yarda a faɗa a jikin abinci ba tare da hujja ba. Ofishin rajistar alama shi ma yana iya ƙin sunan idan ya yi kusa da na wani, kuma a lokacin duk ledar da ka buga ta zama asara. Ka fara da takardar mai zane da neman rajistar alama a wannan makon, ka kai takardar karɓa da samfurin leda kaɗan wajen NAFDAC, sai sun amince da rubutun sun ba da lamba sannan ka ba da babban aiki, a buga lambar tare da sauran rubutun. Gurbin da za ka bari na hatimi shi ne na lambar rukuni da ranar yi da ranar ƙarewa, domin su ne suke canjawa da kowane gashi.